Na ci 281 a JAMB, amma tsoro ne ya cike mini fom

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce daga Haɗeja, shekarata 17, bana na gama sakandare. Lokacin cike fom ɗin JAMB ban yarda da kaina ba ko kaɗan, domin a jarrabawar gwajin da aka yi mana a makaranta 178 na samu. Sai na cike Bayoloji a Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa, na ce ko ba komai tana kusa da gida, kuma ba zan sha wahalar samun gurbi ba. Da sakamako ya fito sai na ga 281. Sau uku na sake tura saƙon don ban yarda nawa ba ne. Darussan da na rubuta su ne Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks.

Tun daga ranar kan gidanmu ya rabu. Baffana ya ce wannan makin likita ne, in canza zuwa likitanci a ABU ta Zariya ko BUK ta Kano, har ya fara kirana Dakta. Abbana ya ce in bar abin yadda yake, kada in saki reshe in kama ganye, kuma shi bai shirya 'yarsa ta tafi Kano ko Zariya ba. Ni kuwa tun ina aji uku abin da nake so shi ne harhaɗa magunguna, domin duk hutu a kemis ɗin yayar mamata nake wuni. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, na ɗauka ya fi ƙarfina. Sakamakon WAEC bai fito ba tukuna. Anti, in canza ko in haƙura? Ina tsoron in rasa duka biyun.

Wata ɗaliba, daga Haɗeja

*

Wa'alaikumus salam 'yata. Barka da arziki, Allah Ya sanya albarka a wannan sakamako, Ya sa mafarin alheri ne.

Na lura har yanzu kina kallon makin nan kamar kuskuren kwamfuta ne da za a zo a ƙwace, don haka bari in nuna miki inda kika tsaya. A jarrabawar 2024, cikin ɗalibai sama da miliyan 1.8 da JAMB ta fitar da sakamakonsu, fiye da kashi 75 cikin ɗari ba su kai 200 ba. Waɗanda suka kai 250 zuwa sama su 77,070 ne, wato kamar mutum huɗu a cikin ɗari. Waɗanda suka kai 300 kuwa 8,401 ne kacal a duk faɗin Najeriya. Mai 281 cikin 400 tana sahun gaba, kuma ba a samun wannan da canki-canka a darussa huɗu. Ke kika yi karatun, Allah Ya dafa miki.

Amsata ita ce ki canza, amma ki canza zuwa abin da kike so, bayan kin tabbatar ƙofar da za ki nufa a buɗe take, kuma da yardar Abbanki. Sauran maganar duk bayanin waɗannan ne.

Na shekara 27 ina koyar da Bayoloji a makarantar 'yan mata, saboda haka ba za ki ji na raina darasin ba, kuma jami'ar Kafin Hausa tana yaye ɗalibai masu amfanar jama'a. Da kin rubuto kin ce Bayoloji kike ƙauna, wallahi da na ce ki zauna abinki ko da 350 kika ci. Sai dai ke da bakinki kin faɗi dalilin zaɓin: kusa da gida, da sauƙin samu. Yarinyar da ta ci 178 a gwaji ce ta cike fom ɗin nan, ta auna kanta da ƙaramin mudu. Na ga irin wannan ba adadi a wajen 'yan matanmu. Namiji zai ci 160 a gwaji ya cike likitanci yana taƙama, mace za ta fi kowa a aji amma ta cike abin da take ganin ba za a kore ta ba. Abin yana ci mini rai har yau. JAMB ta tanadi canjin makaranta da canjin kwas ne saboda irin halin da kike ciki, ba wata haramtacciyar hanya ba ce, kuma dubban ɗalibai suna yin sa kowace shekara.

Yanzu ga maganar Baffanki. Ƙauna ce ta sa shi kiranki Dakta, ki gode masa. Amma a ƙasar nan mun ɗauki wata ɗabi'a, duk yaron da ya ci maki mai yawa a kimiyya sai a ce ai na likita ne, kamar sauran fannonin na waɗanda suka rasa ne. Ki san yadda lamarin yake. Majalisar da ke kula da likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban likitancin da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da asibitin koyarwarta. Jami'a ba ta da ikon buɗe ƙofa don ta ga masu maki sun yi yawa. Su kuma waɗancan dubban da suka haura 250 da 300, kaso mai tsoka daga cikinsu layi ɗaya suke bi, layin likitanci, kuma a manyan jami'o'i irin su ABU da BUK. Makin da ya sa kika zama abin nuni a unguwarku, a wancan layin za ki tarar da ɗaruruwa masu irinsa da waɗanda suka fi shi. Ana iya samu, ban ce ba a samu ba. Amma wanda bai samu ba, sau da yawa jami'ar takan miƙa masa wani kwas ɗin da ke da sauran gurbi, ya karɓa ko ya bari. Kin ga ke nan an baro Bayolojin da ba a so, an faɗa wani abin da shi ma ba a zaɓa ba, ga nisa da gida.

Ko da an samu ɗin ma, likitanci shekara shida ne, sannan shekarar koyon aiki a asibiti, sannan bautar ƙasa. A tsakiya akwai jarrabawar da kan mayar da ɗalibai baya, wasu ma a sallame su daga sashen gaba ɗaya. Mai son abin yakan jure don zuciyarsa na can. Wanda aka tura don a kira shi Dakta a gidan biki, shi ne yake shan wuya ninki biyu. Na san wata ɗalibata da ta yi shekara uku a ciki tana kuka a ɓoye kafin ta iya buɗe baki ta faɗa wa iyayenta ba ta so. Ba na miki fatan haka.

Ke kuwa kina da abin da mafi yawan tsaranki ba su da shi: kin san abin da kike so, kuma kin gan shi da idonki. Wadda ta wuni a kemis ta ga yadda uwa ke shigowa da takardar asibiti ba ta san na safe ba ta san na dare ba, ta ga masu sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta guda huɗu su ce sun warke, ta ji labarin jabun magani, wannan ta san amfanin masanin magani na gaskiya. Sai dai ki sani karatun ya wuce tsayuwa bayan kanta. Kemistiri ne mai zurfi, da sanin yadda magani ke aiki a jiki, da yadda ake haɗa shi a masana'anta, shekara biyar zuwa shida gwargwadon tsarin jami'ar, sannan shekara ɗaya ta koyon aiki kafin majalisar masana magunguna, PCN, ta ba ki cikakken lasisi. Bayan nan akwai aikin asibiti, da NAFDAC, da kamfanonin magani, da koyarwa, da buɗe naki wurin. Kuma kada in yaudare ki, shi ma layinsa da tsawo, domin waɗanda suka ji tsoron likitanci nan suke gangarowa. Amma 281 yana da ƙarfi a nan fiye da can.

Kin yi sa'a a abu guda da ba ki ma lura da shi ba. Ana canza makaranta, ana canza kwas, amma ba a canza darussan da aka riga aka rubuta. Da kin sa Lissafi a madadin Fiziks, kamar yadda wasu masu neman kwasa-kwasan kimiyya suke yi, da maganar nan duk ta mutu tun kafin a fara ta. Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks su ne ainihin haɗin da ake nema a harhaɗa magunguna. Wannan ƙofar a buɗe take.

Wadda nake jin tsoro ita ce ta lokaci. Yawancin manyan jami'o'in gwamnati ba sa duba ɗalibin da bai sa su a zaɓin farko ba, kuma kowace tana buɗe rajistar tantancewarta, wadda ake kira Post-UTME, na ɗan wani lokaci ta rufe. Shekarun baya wata ɗalibata ta ci maki mai kyau, aka yi ta jan shawara a gida har wata biyu, ranar da aka je aka yi canjin ashe jami'ar da ta koma ta rufe rajista tun makon da ya wuce. Sunanta ya fita daga jerin tsohuwar, bai shiga tantancewar sabuwar ba. Sakamakon JAMB kuwa na shekara ɗaya ne, ba a ajiye shi. Haka ta zauna a gida har wata shekarar. Don haka kafin ki biya ko sisi, ki buɗe shafin jami'ar da kike so, nata na ainihi, ki karanta sanarwar bana da idonki: an buɗe rajistar ko ba a buɗe ba, yaushe za a rufe, wane maki suka yanka wa sashen magunguna, kuma suna karɓar waɗanda suka canzo daga wata makarantar. Kada ki dogara da abin da aka turo a WhatsApp, kada ki dogara da na bara. In da hali wani babba ya raka ki ofishin ɗaukar ɗalibai ku tambaya, zuwa da kai ya fi saƙo.

Ki kuma cire wa ranki cewa 281 ya gama aiki. Akwai jami'o'in da ke raba makin JAMB da takwas ya koma kashi 50, sauran kashi 50 ɗin su fito daga jarrabawar tantancewa ko daga darajar sakamakon WAEC da NECO, ko duka biyun. A irin wannan lissafin kina da kamar 35 cikin 50. Mai 255 yana da kusan 32. Kin ga tazarar maki uku ce kawai, wadda tambayoyi kaɗan za su iya sharewa. Littattafan nan da kika ajiye ranar da kika fito daga ɗakin jarrabawa, ki kakkaɓe su tun yau, musamman Kemistiri da Fiziks.

Sai WAEC ɗin da kike jira. Ana buƙatar kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kuma a fannonin lafiya akwai jami'o'in da ke cewa sai a zama ɗaya aka same su, ba haɗin WAEC da NECO ba. Wannan ma yana cikin abin da za ki duba a sanarwar. Ranar da sakamakon ya fito, kada ki tsaya murna kawai, ki je cibiyar CBT, wato inda ake rubuta jarrabawar JAMB a kwamfuta, a ɗora shi a shafinki na JAMB. Ɗalibai da yawa sun rasa gurbi da maki mai kyau don shafinsu na nuna har yanzu jiran sakamako suke.

Wace jami'ar? Ana karantar da harhaɗa magunguna a ABU, da BUK, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da ta Maiduguri, da wasunsu. Ni da za ki bi tawa, BUK zan ce, kuma ga dalili. Jami'o'in tarayya suna raba gurabensu kashi uku: 45 cikin ɗari na cancanta zalla, kowa daga ko'ina, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko. Jigawa tana cikin yankin BUK, tana kuma cikin waccan kason na ƙarshe, wato ta ƙofa uku za a iya duba sunanki. ABU ma Jigawa na cikin yankinta, amma ita yankin nata ya game jihohin Arewa ne baki ɗaya, cunkoson ya fi yawa. Ga shi kuma Kano ta fi kusa da Haɗeja, mota ɗaya ce, wanda zai sauƙaƙa maganar da za ki yi da Abba. Ki tanadi takardar shaidar ƙaramar hukumarku tun yanzu, ki kuma tabbatar sunanki da ranar haihuwarki iri ɗaya ne a NIN, da JAMB, da WAEC.

Shi kansa canjin ba wuya gare shi ba. A ofishin JAMB na jiha ko cibiyar CBT da hukumar ta amince da ita ake yi, ana biyan kuɗi, a ba ki takarda. Ki je da kanki, ki karanta abin da aka shigar kafin ki tashi. Kada ki ba wani mai shagon intanet lambar sirrinki, kada ki yar da layin wayar da kika yi rajista da shi. Tun 2017 duk wani gurbi na halal ta manhajar JAMB ta ba da gurbi, wato CAPS, yake fitowa, a can za ki ga an ba ki, ki danna karɓa ko ƙi. In kika karɓi ɗaya, kin rufe sauran, don haka in wani gurbi ya fito kafin ki yanke shawara kada zumuɗi ya sa ki danna, amma ki kula da wa'adin da aka ba ki. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi yana da hanya a ciki, ku guje shi. Gurbin da bai bi ta CAPS ba yakan zama ciwon kai ne a ƙarshe, lokacin da za a tafi bautar ƙasa a nemi sunan mutum a rajistar JAMB a rasa.

Na bar maganar Abbanki a ƙarshe don ita ce mafi nauyi. Abu biyu ya faɗa, kuma kowanne da amsarsa daban. Na farko, kada a saki reshe a kama ganye. Gaskiya ya faɗa, 'yata, haɗarin yana nan, kuma wanda ya ga 'ya'yan maƙwabta suna zaman gida shekara biyu uku suna jiran gurbi dole ya ji tsoro. Maganin wannan tsoron hujja ce. Ki je masa da takarda a hannu: ga sanarwar jami'ar, ga makin da suka yanka, ga nawa, ga ranar rufewa, ga yadda kason Jigawa yake. Ki kuma nuna masa kin yi tunanin faɗuwa: in jerin farko da na biyu suka fito babu sunanki, kuma JAMB ba ta rufe canji ba, ana iya komawa makarantar da ke da sauran gurbi, in ma shekarar ta kuɓuce, shekararki 18 za ki sake zama, kuma wadda ta ci 281 ta san hanya. Uba in ya ga 'yarsa ta auna har mummunan abin da zai iya faruwa, hankalinsa yakan kwanta.

Na biyun, cewa bai shirya ki tafi Kano ba, wannan ba takarda ke amsa shi ba. A ƙarƙashinsa akwai tambayoyin da wataƙila ba zai furta ba: a ina za ta kwana, wa zai sa mata ido, da me zan riƙe ta shekara shida? Kada ki ɗauke su a matsayin ƙiyayya ga karatunki, ai shi ya biya kuɗin fom ɗin. Kuɗin rajista a jami'o'in tarayya ya tashi sosai tun 2023, fannonin lafiya sun fi tsada, ɗakunan kwanan ɗalibai ba sa isar kowa, ga abinci, ga kuɗin mota. Ku zauna da mamanki ku yi lissafin shekara guda na gaskiya. Ku duba tallafin karatu na jihar Jigawa, da asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024, wanda ke biyan kuɗin makarantar gwamnati ya kuma ba da ɗan abin kashewa duk wata, ana biya bayan an gama an samu aiki. Ku duba ko akwai gidan dangi a Kano da Abba ya yarda da tarbiyyarsu. Baffan da ya fara kiranki Dakta, a nan ne za a ga taimakonsa, a roƙe shi ya ɗauki wani ɓangare.

Kuma kada ki tunkari Abba a tsakar gida ana cikin gardama. Ki fara da mamanki, ki faɗa mata abin da kika ɓoye tun aji uku, domin har yanzu mutanen gidanku suna jayayya ne a kan Bayoloji da likitanci, ba wanda ya san akwai na uku a zuciyarki. Sannan yayar mamanki mai kemis ta zo ta ba da shaidar abin da ta gani a wajenki duk hutun nan. Bakin babba ya fi naki nauyi a kunnen uba. Ki yi istihara, shi ma ki roƙe shi ya yi.

In bayan duk wannan ya ce a'a, to ina roƙonki kada ki saci jiki ki je ki canza a ɓoye. Shekara shida a garin da ba naku ba, ba da yardar mahaifi ba, ba da kuɗinsa ba, ba da addu'arsa ba, nauyi ne da ba zan so ki ɗauka ba. Sai ki tambaye shi cikin ladabi wane ne ainihin abin da ya tsaya masa, nisa ko kuɗi ko tsoron rasa gurbi, a sake neman maganin wannan ɗin. A sanina, iyaye da yawa da suka ce a'a ranar farko sun sauko da aka kawo musu amsar abin da ke damunsu.

Lokaci dai ba ya jira, ba a fafe gora ranar tafiya. Yau da daddare ki yi magana da mamanki, gobe ki duba sanarwar BUK, kafin Juma'a a ce an zauna da Abba. In WAEC ta fito ki rubuto mini abin da kika samu a Kemistiri da Fiziks, da abin da Abba ya ce, mu ga inda za a dosa. Ki gaishe mini da mamanki.

Taki,
Anti